Abin da Na'ura Ta Gani a Humrar Kaka Jimmai

Damagaram, 14 ga Yuli, 2003

Ɗiyata Chamsiya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, da fatan takardar nan ta same ku lafiya, ke da maigidanki Ousmane da 'yar mitsitsiyar Aishatu. Mu nan sai godiya. Damina ta kankama, gero ya kai gwiwa. Ƙafar ɗan'uwana, babanki, ta yi sauƙi, har masallaci yake zuwa ba sanda. Kunnena ne dai yana nan yadda kika bar shi, don haka kada ki ƙara sa a kira ni telesantir, gidan buga waya. Ran nan na tsaya ina ta "iye? iye?" mutane suna dariya. Na tsufa ina koya wa 'ya'yan mutane rubutu a lakwal, ki bar ni in mori bik ɗina in rubuto miki.

Albishirinki. An sa ranar ɗiyata Anissa, taubashiyarki, bayan babbar salla. Sunan yaron Husaini, malamin lissafi ne. Ita ta kawo shi, mu kuma muka bincika muka ga ɗan mutunci ne. Tun ranar bakinta bai rufu ba.

To ga abin da ke damuna. Kin san ba amaryar da ta taɓa fita daga gidan nan ba a shafe ta da humrar kakarki Hajiya Jimmai ba. Ni da ita aka kai ni, ke ma da ita. Da Allah Ya yi mata rasuwa bara, na ɗauka hannuna ya iya, tunda na sha zama gefenta ina daka. Na sayo sandal, kajiji, farce, kanumfari, jawul da almiski a wurin mutumin da take saye a Kasuwar Dole. Na soya farcen yadda take soyawa, na daka, na jiƙa da madarar turare. Na haɗa, na sake haɗawa, na ƙara. Ƙamshi kam akwai, amma ba nata ba ne. Babanki ya shinshina ya ce, "Saadatou, wannan ai ta kasuwa ce." Ban kula shi ba har la'asar.

Abin da ya rage na hannunta 'yar kwalba ɗaya ce, saura kamar gaɓar yatsa. Ba za ta ishi amarya ba. Na ga Anissa ta buɗe ta, ta shinshina, ta mayar a hankali.

Sai kuma wata magana. Mata suna tambayata aikin me kike yi a Amurka. Na ce karatun shimi kike. Maƙwabciyarmu ta ce, "Duk nisan nan don ɗinkin shimi?" Ki rubuto mini bayani da Hausar da zan iya maimaita musu.

Gwaggonki,
Saadatou


Greensboro, 10 ga Agusta, 2003

Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da ladabi, ina gaida Baba da dukan mutanen gida. Mu ma lafiya lau. Muna nan a ɗan gidanmu na Glenwood, ina tafiya jami'a da ƙafa. Ousmane yana aikinsa a sito can Wendover, motoci sun ishe shi amma bai fasa ƙiba ba. Aishatu ta shiga makaranta. In na yi mata Hausa sai ta mayar mini da Turanci, amma kalmar tuwo ba ta taɓa ɓace mata ba.

Na yi guɗa ni kaɗai a kicin da na karanta zancen Anissa. Daga baya murna ta koma ciki, don kin san ba zan samu zuwa ba. In na fita yanzu, ba tabbas a sake ba ni biza kafin karatu ya wuce ni. Wata 'yar ajinmu ta je ganin gida, har yau tana can tana jira.

Maganar ɗinkin shimi kuwa, sai da na yi hawaye don dariya. Shimin nan sunan ilimin sinadarai ne da Faransanci. Ga abin da za ki faɗa musu. Komai na duniya, ruwa ne, gishiri ne, ƙamshi ne, an gina shi da 'yan ƙwayoyin da ido ba ya gani, kuma kowane iri da nauyinsa. Ni aikina auna nauyin nan. Muna da wata na'ura a lab, ɗakin gwaje-gwajenmu, girmanta kamar akwatin aure biyu, sunanta mas-sipektiromita. In aka ba ta abu, sai ta ware ƙwayoyinsa bisa nauyi, ta faɗi me da me ke ciki. Ki tuna mai sheƙa: iska ta ɗauki ƙaiƙayi ta kai shi nesa, tsaba ta faɗi kusa, tsakuwa ta faɗi a gindin ƙwarya. Haka take yi, sai dai ita ƙarfin lantarki ne iskarta. Da irinta ake gane ko maganin da ke kasuwa na gaske ne, ko ruwan rijiya ya gurɓata, ko ɗan tsere ya sha ƙwaya. A jihar nan har jarirai ake ɗiban ɗigon jini a dugadugansu a duba da ita, a gano wasu cututtuka tun ba su nuna ba.

Ina cikin rubuta wannan ne abin ya faɗo mini a rai. Gwaggo, humra ma ai ƙwayoyi ce! Na je na sami Farfesar da nake ƙarƙashinta, wata doguwar mace mai furfura da ba ta rabuwa da kofin kofi. Na ba ta labari. Ta ce, "Kakarki ta haɗa abu, ba wanda ya san sirrinsa? Ki kawo, ɗalibai ma su ga aikin da ya fi na littafi daɗi."

Don haka ina roƙonki, ki ɗibar mini 'yan ɗigo daga ta Kaka a wata 'yar kwalba mai tsabta, ki haɗo da kaɗan daga taki, in gwada su gefe da gefe. Alhaji Chaïbou, mai kantin kayan abincinmu a High Point Road, yana Damagaram yanzu wajen iyayensa a Zangon Tudu, zai dawo watan gobe. Ban yi miki alkawari ba, amma in akwai abin da hannuna zai yi wa bikin nan daga nesa, wannan ne.

Ɗiyarki,
Chamsiya


Damagaram, 6 ga Satumba, 2003

Chamsiya,

Bayan gaisuwa, muna lafiya, an fara cin tumu. Wannan gajeruwa ce, Alhaji Chaïbou yana zaure yana jira, babanki ya tsare shi da zancen siyasa.

Na karanta wa mata bayaninki. Zancen sheƙa ya shige su. Maƙwabciyar ta ce to ai ita ma ta iya shimi.

Na ɗauko kwalbar zan tsiyaya, sai na fasa. Na ji tsoron kada rabi ya tafi a ƙasa, rabi a bakin kwalba. Ga ta nan dukanta, na naɗe ta cikin kallabin marigayiyar. Mai jan murfi ita ce tawa. Chamsiya, wannan ce kaɗai abin da ya rage mai ƙamshin uwata. Amana ce.

Saadatou


Greensboro, 5 ga Oktoba, 2003

Gwaggo,

Ina gaisuwa, da fatan kun yi girbi lafiya. Mu ƙalau. Wata guguwa ta biyo gefen jihar nan watan jiya, amma mu ruwa da iska kawai muka samu. Ganyen itatuwa ya fara ja da rawaya, Aishatu tana tsince shi tana cika mini jaka.

Saƙo ya iso. Na hau bas na je kantin Alhaji, ya miƙo mini ƙullin da hannu biyu ya ce, "Hajiya ta ce in ya fashe kada in ƙara taka Damagaram." Na kasa haƙuri, a nan tsakanin buhunan shinkafa na buɗe. Gwaggo, sai ga ni a ɗakin Kaka, kan tabarmarta, tana tsokanata wai na zo ƙwace mata miji. Na tsaya ina share ido. Anti Alima, wata 'yar Kumasi da muke zumunci, tana wajen tana zaɓen doya. Ta matso ta ce, "Ke, wannan ƙanshi daga ina? Wallahi kakata na tuna!" Muka tsaya mu biyu muna hawaye muna dariya, Alhaji yana kallonmu.

Ranar Talata na kai ta lab. Bari in faɗa miki yadda aka yi, tunda kina son bayani. Da farko akan tsarma abin da wani ruwa, a zuƙa da allura, a tsira a bakin na'ura. Bakin yana da zafi ƙwarai, nan take abin ya zama tururi. Sai wata iska mara ƙamshi ta tura tururin cikin wani siririn bututu, kaurinsa kamar zare, tsawonsa ya fi igiyar rijiya, an naɗe shi cikin tanda. A nan ake rabuwa. Kin ga mata in an tashi daga biki, wata ta miƙe gida, wata sai ta tsaya gaisuwa a kowace ƙofa. Haka ƙwayoyin suke, kowane iri da lokacin fitowarsa, ɗaya bayan ɗaya.

Duk wanda ya fito sai ya faɗa wani ɗaki da aka zuƙe iskarsa tas. A nan ake harbinsa da 'yan ƙwayoyin lantarki, ya ɗauki caji, ya farfashe. Kowane abu da irin fashewarsa, kamar yadda in kika ga katanga a ƙasa za ki san tulu ne ya fashe ko tangaran. Gutsattsarin su bi ta tsakanin wasu sanduna huɗu na ƙarfe masu tace su bisa nauyi, na'ura ta ƙirga, kompiyuta ta zana layuka tsaye kamar haƙoran mashaci. Sai mu gwada zanen da dubban zanen da aka riga aka tara, mu sami sunan abin.

Haka humrar Kaka ta bi. Ta zama tururi, ta farfashe, ta ƙare a ciki, don abin da ya shiga na'urar nan ba ya dawowa. Amma ki ga abin da ta bar mana! Kanumfari ya fito ɓaro-ɓaro, nauyinsa ɗari da sittin da huɗu. Sandal ya fito can baya-baya, shi ne mai yawan gaisuwa. Kajiji ma na gan shi. Ɗalibai suka kewaye ni, wani yaro ɗan Indiya yana ta cewa shi ma kakarsa da sandal take aiki.

Saura in saka taki, in jera su. Akwai wasu ƙananan layuka da ban gane ba tukuna, ga jarrabawa ta taso ni gaba. Ki ba ni lokaci. Allah Ya kai mu azumi lafiya.

Chamsiya


Greensboro, 28 ga Nuwamba, 2003

Gwaggo,

Barka da salla, Allah Ya karɓi ibada. Mun yi idi a wani babban zaure da aka kama haya, 'yan Nijar da 'yan Gana da Larabawa, sanyi kamar ya yanke kunne.

Shiru ya yi yawa. Azumi ya zo ya wuce ban ga rubutunki ba. Kullum na dawo sai na leƙa akwatin wasiƙa, ba komai sai tallan kanti. Na kira Anissa, ta ce lafiyarki lau, kin ce za ki rubuto. Amma muryarta ba ta yi mini ba, kuma da na tambayi shirin biki sai ta ce layi ba kyau. In ciwo ne kada a ɓoye mini. In laifi na yi, a faɗa mini.

Ɗiyarki,
Chamsiya


Damagaram, 27 ga Nuwamba, 2003

Chamsiya,

Barka da shan ruwa, barka da salla. Kowa lafiya. Na ƙi rubutu cikin azumi ne don kada in faɗi abin da zai rage mini lada.

Na karanta takardarki har inda kika ce ta zama tururi, ta farfashe, ta ƙare, ba ta dawowa. Na cire tabarau na goge na sake karantawa. Na ba Anissa ta karanta, ita ma haka ta gani. Daga nan ban iya ci gaba da sauran ba sai bayan kwanaki.

Ban ce kin yi da gangan ba. Na san zuciyarki. Amma da kin gaya mini tun farko cewa na'urar taku cinyewa take yi, da na yi shawara. Na ba ki abin da ya rage na uwata, kika mayar mini da labarin cewa akwai kanumfari a ciki. Ɗiyata, ni na sayo kanumfarin.

Ban gaya wa babanki ba. Za a shafe Anissa da tawa, ta kasuwar. Ta ce ba komai, ita Husaini take aure ba kwalba ba. Ƙarya take, don ta lallashe ni ne.

Kallabin dai, in bai shiga na'ura ba, ki aiko mini.

Gwaggonki


Greensboro, 19 ga Disamba, 2003

Gwaggo! Gwaggo!

Ki yafe mini, yau gaisuwa ta biyo baya. KWALBAR TANA NAN. Ga ta cikin ƙullin nan, a kallabinta, tare da takardar da kike karantawa. Ƙanin Alhaji Chaïbou ne zai taso jibi, shi na ba. Ki ɗaga ta a rana ki duba, in kin ga ta ragu ki kira ni maƙaryaciya.

Wasiƙunmu sun yi saɓani a hanya. Da taki ta iso na karanta a tsaye a bakin ƙofa, na zauna a kan matakala cikin sanyi na dafe kai. Na kira Anissa nan take. Ta yi ihu har mai telesantir ya leƙo. Ta dawo ta ce kin ce ba ki yarda da maganar waya ba, sai kin gani da idonki. To ga shi.

Bakina ne ya yi gajere. Abin da na ɗiba ɗigo ɗaya ne, na tsarma shi cikin ruwa mai yawa, daga nan allura ta zuƙi abin da bai kai hawayen sauro ba. Wannan ne ya ƙone. Na'urar ba ta da ci, in ma aka ba ta da yawa ƙwarewa take yi. Mu da muke aiki da ita kullum mun saba, sai na manta ban faɗa ba. Ousmane ya karanta kwafin abin da na rubuta miki ya ce, "Ni ma da haka zan fahimta. Ke da kike auna abin da ido ba ya gani, kin kasa auna magana." Na bar shi ya ci wannan.

Yanzu gaisuwa: ina fatan kina lafiya, da Baba, da amarya. Mu lafiya, jarrabawa ta wuce, na haye.

Ga babban labari. Na jera zanen taki da na Kaka, ɗaya bisa ɗaya. Gwaggo, hannunki ya iya. Duk manyan layukan iri ɗaya ne, har yawan kowane abu kusan daidai. Ba wani tsiro ko turare da kika manta. Bambancin yana cikin wasu 'yan gajerun layuka da ke cikin ta Kaka, babu su a taki. Na bi su ɗaya-ɗaya. Guda nauyinsa ɗari da ashirin da huɗu, wani ɗari da hamsin da huɗu, da 'yan uwansu. Na kai wa Farfesa. Ta duba ta yi murmushi ta ce, "Waɗannan ai na san su daga naman da ake bandawa. Hayaƙi ne."

Hayaƙin itace, Gwaggo. Ba na gawayi ba, kuma da alama ba na kara ba. Humrar Kaka ta sha hayaƙi a wani mataki, kuma ba na ɗan lokaci ba. Iyakar abin da na'ura ta sani ke nan. Ba za ta iya faɗin wane itace ba ne, ko yaya aka yi hayaƙin ya shiga. Ni kuma na yi ta tunani ban tuna na taɓa ganin Kaka tana turara haɗin ba. Ke ce kika zauna da ita. Ki tuna mana.

Akwai kuma wani abu ɗaya da ya ɗaure mini kai. Can ƙarshe akwai wani ɗan layi ƙanƙane, nauyi ɗari da casa'in da huɗu. Kafin ne, sinadarin nan mai hana barci da ke cikin kofi da shayi da goro. Na ce shi ke nan, kofin Farfesa ya shiga aikina. Na wanke allura, na sake sabon ruwa, na saka ruwan shi kaɗai: babu. Na saka taki: babu. Na koma ta Kaka: ga shi. Farfesa ta ɗaga hannu ta ce ita dai an wanke ta. Kaɗan ne ƙwarai, hanci ba zai ji shi ba, ba zai canza ƙamshi ba. Amma yana ciki, kuma ban san ta ina ya bi ba.

Na haɗo wa Anissa mayafi da takalmi, Anti Alima ta ƙara da atamfa. Lokaci ya ƙure, amma ina jin bai ƙare ba.

Ɗiyarki mai gajeren baki,
Chamsiya


Damagaram, 24 ga Fabrairu, 2004

Ɗiyata, ɗiyar albarka,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Ousmane mai gaskiya, ina sumbatar Aishatu. Muna lafiya, sai gajiyar biki. Muryata ta dushe, ƙafafuna sun kumbura, kuma ban taɓa jin daɗin ciwo irin wannan ba.

Kwalba ta iso. Na ɗaga ta a rana kamar yadda kika ce. Na ji kunya har na rufe fuska da kallabin. Malamar da ta yi ta dukan tebur tana ce wa yara su karanta da hankali! Amma ke ma in da a ajina kike, da na ja miki jan bik a ƙarƙashin layin nan. Mun yi kunnen doki, a bar maganar.

Zancen hayaƙi kuwa, na kwana biyu ina jujjuya shi. Inna, kakarki, ba ta taɓa turara haɗinta ba, na rantse. Ina tsakar gida ina tsintar shinkafa sai idona ya faɗa kan tsohon madafinta, wanda muka mayar wurin ajiyar buhuna tun da aka gina sabon kicin. Ragayarta tana nan rataye a jikin azara, ta yi baƙi ƙirin. Sai na saki tiren. Chamsiya, in ta gama daka ta kwaɓa, a ƙwarya take zubawa, ta rufe da faifai, ta ɗora a ragayar nan, sai ya yi sati da sati kafin ta sauke ta jiƙa. Kullum cewa take don kada jikoki su taɓa. Mu duka mun yarda. Ni kuwa da nawa tsabtar, a cikin kwaba na kulle nawa, cikin kwano mai murfi!

Itacen bai ba ni wuya ba. A murhun nan ba ta yarda a sa komai sai taramniya, wai sauran suna sa ta tari. Ko ta san abin da hayaƙin yake yi wa haɗin, ko ita ma ba ta sani ba, Allah kaɗai Ya sani. Babanki ya ce ta sani sarai, dariya kawai take mana.

Na sa aka fitar da buhuna. Babanki da kansa ya hau mota har ƙauye ya samo taramniya. Na sake sabon haɗi, na ɗora a ragaya, muka koma dafa abinci a tsohon madafi, ni da Anissa, ido na hawaye. Amarya guda tana hura wuta tana cewa Husaini zai ɗauka kilishi aka kai masa. Da na sauke na jiƙa, na bar shi ya kwanta, sai na ɗiga a bayan hannuna na je na miƙa wa babanki. Ya shinshina. Ya sake shinshinawa. Sannan ya ce, "Inna," ya tashi ya shige ɗaki.

Ba zan ce miki daidai take da tata ba, sabuwa ce, sai ta tsufa. Amma ranar da aka shafe Anissa, tsofaffin unguwa suna shigowa suna tsayawa a bakin ƙofa. Wata ta ce, "Ashe Jimmai ta bar muku da yawa." Na ce a'a, jikarta ce ta aiko daga Amurka. Maƙwabciyar nan ta ce, "Mai shimi?" Na ce ita. Aka yi ta guɗa ana kiran sunanki. Anissa ta sa mayafinki aka kai ta. Hotuna suna tafe, da kwalbarki cikakkiya, da wata ƙarama ta Anti Alima.

Saura ɗan layin naki mai hana barci. Da na karanta wurin, dariya na fara yi, ban san lokacin da ta koma kuka ba. Ba kuskuren na'ura ba ne. Ke kina ƙarama, ba a barin ku a wurin. In ta gama haɗi za ta rufe kwalba, sai ta kore kowa in ban da ni. Ta riƙe kwalbar da hannu biyu, ta karanta Fatiha da Ƙulhuwallahu, ta ambaci sunan amaryar, ta roƙa mata zaman lafiya da 'ya'ya masu albarka, sannan ta tofa a ciki. Kuma kin san Inna, tun daga sallar asuba har ta kwanta goro ba ya barin bakinta.

Addu'arta kika gani, Chamsiya. Ki gaya wa Farfesarki.

Ni kin san ba na cin goro, yana sa ni jiri. Amma ranar da zan rufe ta Anissa na aika aka sayo mini fari guda, na ɓare, na tauna har ƙarshe. Da na zo rufe taki ma haka. Sunanki na ambata, da na Aishatu.

Gwaggonki,
Saadatou